Littafin Barkwanci da Kasada na Yara: Tambayoyin da Iyaye da Malamai Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta dawowa daga bakin iyaye, malamai da yayye duk lokacin da aka ga yaro ya duƙufa kan littafi yana ƙyaƙyata dariya shi kaɗai. Don kada mu riƙa magana a iska, zan riƙa komawa ga wani ɗan labari da na ƙaga don misali kawai: wa da ƙanwarsa sun tsinci taswirar wata ɓoyayyiyar dukiya, kafin su gama dubawa akuya ta cinye rabinta, sai ya zama dole su kama hanya da akuyar a hannu, tunda rabin sirrin yana cikinta.

Wane irin littafi ake nufi da littafin barkwanci da kasada?

Labari ne da ake fitar da yaro daga inda ya saba, a jefa shi cikin tafiya mai haɗari ko wani aiki da ya fi ƙarfinsa, amma a ba da labarin ta yadda mai karatu zai riƙa dariya a hanya. Da ƙafa biyu yake tsaye. Ta farko kasada ce: akwai abin da ake nema, akwai mai hana ruwa gudu, ga lokaci yana ƙurewa. Ta biyu raha ce: tauraron labarin yakan tafka kuskure, dabararsa takan juye masa, shi kansa mugun yakan zama abin dariya. In aka cire kasadar, abin da ya rage tarin barkwanci ne da ake iya buɗewa ta ko'ina a ajiye ta ko'ina. In aka cire rahar kuwa, ya koma labarin jarumta zalla.

Galibi ana rubuta irinsa ne don 'yan shekara 7 zuwa 12, da gajerun babi-babi da zane jefi-jefi. Akwai na ƙanana ma, masu hoto a kowane shafi, waɗanda yawancinsu shafi 32 ne, saboda yadda ake naɗe manyan takardu a maɗaba'a su fito takwas-takwas ko sha shida-sha shida.

Me ya sa yara suke rububinsa haka?

Ku dubi yinin yaro ɗan shekara takwas. Tun da ya farka ana gaya masa abin da zai yi: tashi, zauna nan, yi shiru, ba haka ake riƙe alƙalami ba. Kusan duk wanda ke kewaye da shi ya fi shi tsawo, ya fi shi sani, ya fi shi iko. Sai ya buɗe littafi ya tarar da yaro kamarsa ne ke yanke shawara, shi ne ya gano bakin zaren, manya kuwa suna can suna gardama kan abin da bai taka kara ya karya ba. An juya masa karin maganar nan ke nan: a nan abin da yaro ya hango ne babba ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ɗan lokaci ne, yaron ma ya san na ɗan lokaci ne, amma daɗinsa ba kaɗan ba.

Abu na biyu, kuma a ganina shi ne ya fi ƙarfi, mai karatu yakan san abin da tauraron bai sani ba. A labarinmu, wan ya riƙe guntun taswirar kai ƙasa har tsawon babi uku. Ƙanwar ta lura tun farko, amma ba ya sauraronta. Yaron da ke karatu shi ma ya lura, don haka duk lokacin da wan ya nuna gabas da gadara ya ce nan ne yamma, sai ya tuntsire da dariya. Wannan dariya tana buƙatar yaro ya riƙe abu biyu a kansa lokaci guda: gaskiyar lamarin, da kuskuren da ke kan wani. Wasu masana biyu, Heinz Wimmer da Josef Perner, sun nuna a 1983 cewa sai wajen shekara 4 zuwa 5 yawancin yara ke fara gane cewa wani mutum na iya yarda da abin da ba haka yake ba. Sabon makami ne a hannun yaro, littafin barkwanci kuwa fili ne na gwada shi.

Na uku mai sauƙi ne. Ga sabon mai karatu, haɗa baƙi aiki ne mai gajiyarwa, kuma littattafai da yawa sai ka kai ƙarshe suke biyanka ladan wahalarka. Littafin raha yana biya a kowane shafi.

Ta yaya dariya da tsoro suke zama a littafi ɗaya? Ba sa ɓata wa juna?

Taimakon juna ma suke yi. Peter McGraw da Caleb Warren na Jami'ar Kolorado a Amurka sun kawo wani bayani a 2010 cewa abu yakan ba da dariya ne idan ya keta yadda ya kamata abubuwa su kasance, amma a lokaci guda mutum yana jin babu cutarwa ta gaske. Ku tuna wasan cakulkuli: hari ne, amma daga hannun wanda aka yarda da shi. Haka kasadar yara take. 'Yan fashi sun ritsa wa da ƙanwa a bakin kogo, zuciyar mai karatu ta fara dukan uku-uku, sai shugaban 'yan fashin ya buɗe baki zai yi barazana, akuya ta kama gefen wandonsa ta fara tauna. Haɗarin bai tafi ba, amma an sassauta igiyar, yaro ya sami numfashin da zai shiga babi na gaba.

Marubucin da ya san aikinsa ba ya barin ɗaya ya cinye ɗaya. In raha ta yi yawa har yaro ya daina yarda cewa wani abu na iya samun taurarin, jan rai ya mutu. In tsoro ya yi yawa, sai ku koma ga tambayar da ke ƙasa kan yaron da ya kasa barci.

Daga shekara nawa yaro zai fara jin daɗinsa?

Jariri yakan fara dariya tun yana wata 3 zuwa 4, amma abin da ke ba shi dariya yana canzawa da girma. Masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka Paul McGhee ya tsara wannan mataki-mataki a 1979. Tun kafin shekara 2 yaro na dariya idan aka yi amfani da abu ba bisa ƙa'ida ba, kamar a ɗora takalmi a ka a ce hula ce. Daga shekara 2 zuwa 3 yana jin daɗin kiran abu da sunan da ba nasa ba, ya nuna kare ya ce kyanwa yana kallon fuskarka. Daga 3 zuwa sama sai abin da ya saɓa wa hankali: kifi mai tuƙa mota, giwa a cikin aljihu. Wajen shekara 7 kuma yakan fara kama kalma mai ma'ana biyu.

Ga gwaji mai sauƙi. Ku tambayi yaro: me ya sa raƙumin dawa ba ya tsoron jarrabawa? Amsa: domin ya saba da wuya. Ɗan shekara biyar zai yi dariya don ya ga kuna dariya, ko don hoton raƙumin dawa a aji ya ba shi dariya. Ɗan shekara takwas zai ɗan yi tsit, idonsa ya yi haske, sannan ya sheƙe, domin ya ga wuyan biyu sun haɗu. Wanda ya kai wannan mataki ya isa littafi mai babi-babi. Wanda bai kai ba, a ba shi mai hotuna, ko a karanta masa. Shekarun nan dai awo ne na kusa-kusa, wani yaron yakan riga, wani yakan makara. Gatse ne ke zuwa daga baya: sai wajen shekara 6 yara ke fara gane cewa mai magana na nufin akasin abin da ya faɗa, kuma sukan ɗauki shekaru kafin su ƙware.

Yana dariya a inda ni ban ga abin dariya ba. Lafiya kuwa?

Lafiya lau. Ba don ku aka rubuta ba. Abin da ya zama tsohon yayi a wurinku, kamar mutum ya zame ya faɗa kududdufi bayan ya gama cika baki, a wurinsa yau ne karon farko. In kuna son sanin abin da ke gudana a kansa, ku ce ya nuna muku wurin. Kada ku ce ya bayyana muku dalilin dariyar kamar mai amsa tambayar jarrabawa, don wannan yakan kashe ta nan take.

Wannan karatu ne na gaske, ko ɓata lokaci ne kawai?

Karatu ne na gaske, kuma ina da hujjar da na gani da idona. Wata 'yar yayata, tana shekara tara a lokacin, ta zo ta tsaya a kaina da littafi ta ce, "Kawu, tsaya ka ji wannan." Ta fara karanta mini jimlar, ta kai tsakiya dariya ta ci ƙarfinta, ta sake farawa, ta sake karyewa. A karo na uku ta kai ƙarshe, sai ta ga ban yi dariya ba. Ta dubi shafin ta yamutse fuska ta ce, "A'a, tsaya, na tsallake wani abu." Ta koma baya layi huɗu da kanta, ta nemo jimlar da ta shirya barkwancin, ta karanta mini tun daga can. Babu wanda ya ce ta koma. Malamai sukan sha wahala kafin su koya wa yaro ya lura cewa bai fahimta ba, ya koma baya ya gyara. Ita barkwanci ne ya tilasta mata, domin barkwanci ba ya yafe wa wanda ya tsallake layi. Shi ya sa nake cewa dariyar yaro a kan shafi shaida ce cewa ya gane abin da ya karanta.

Bincike ma ya goyi bayan karatun nishaɗi. A gwajin PISA na 2009, wanda OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ke yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama, ɗaliban da ke karatu kullum don jin daɗi sun fi waɗanda ba sa yi samun maki a fahimtar karatu. Tun a 1986 kuma wani mai bincike kan karatu, Keith Stanovich, ya bayyana yadda abin ke tafiya: yaron da ke karatu da yawa yana tara kalmomi, kalmomin su sauƙaƙa masa karatu, sauƙin ya sa ya ƙara karantawa, wanda ya ƙi karatu kuwa tazarar da ke tsakaninsa da wancan sai ƙaruwa take yi kowace shekara. Abin da ke shigar da yaro wannan zagaye shi ne yawan shafukan da ya karanta da son ransa, kuma ban san wani irin littafi da ke sa yaro cinye shafuka kamar mai ba shi dariya ba.

Amma ai babu wani darasi a ciki.

Sau da yawa akwai, sai dai ba a rataya masa allo a wuya ba. Wan da ya ƙi sauraron ƙanwarsa ya ɓatar da su kwana uku a daji, yaro ya ga sakamakon girman kai ba tare da an tsaya yi masa wa'azi ba. Da marubucin ya ƙara layi a ƙarshe yana cewa ya kamata mu riƙa sauraron na ƙasa da mu, da ya ɓata aikin, don yara suna jin ƙanshin wa'azi tun daga nesa.

Wannan gardama tsohuwa ce. A 1744 wani mai buga littattafai a Landan, John Newbery, ya fara fitar da littattafan yara da ya ce don koyarwa ne da kuma nishaɗi, a zamanin da akasarin abin da ake ba yara gargaɗi ne da jan kunne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma ta ambaci abubuwan biyu: sashe na 17 ya nemi ƙasashe su ƙarfafa buga littattafan yara da yaɗa su, sashe na 31 ya tabbatar wa yaro haƙƙin hutu da wasa.

Manya a cikin labarin duk wawaye ne. Ba zai koya wa yaro raina na gaba ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan share ta ba. Dalilin da ya sa manya ke zama shashashai ko a kawar da su gefe dalili ne na ginin labari: in akwai babba mai hankali a kusa, zai karɓe taswirar, ya ɗaure akuyar, ya tura yaran su kwanta, labari ya ƙare a shafi na biyar. Dole a sami hanyar da yara za su zama su ne a gaba. Yawancin yara kuma sun san bambancin shafi da gida, kamar yadda suka san akuya ba ta magana.

Duk da haka akwai bambanci tsakanin littafin da ke yi wa girman kai, rowa ko zalunci dariya, da wanda ke yi wa girma kansa dariya. A na farko, babban da ake wa dariya ya jawo wa kansa ne da halinsa, kuma galibi za ku tarar da wani babba guda, kaka ko wani tsohon matuƙin jirgin ruwa, wanda yaran ke girmamawa. A na biyu, tsiwa ita ce gwaninta, kuma ba ta da wani sakamako. Wannan na biyun ni ma ba na saya. In yaro ya ɗauko wata maganar tsiwa daga littafi ya gwada ta a kanku, ku gaya masa cewa a littafi ta yi daɗi, a nan gidan ba ta da wuri. Hana littafin ɗungurungum ba ya ƙara komai sai kwarjininsa.

Barkwancin tusa da majina da gyatsa fa?

Yaro ya shafe shekarunsa na farko ana koya masa kame jikinsa da abin da ba a faɗa a gaban mutane. Da ya ƙware, sai dokar ta zama abin wasa, kamar yadda bayanin McGraw da Warren da ke sama ya nuna: keta doka ce wadda ba ta cutar da kowa. Mataki ne, kuma yakan wuce. Abin dubawa kawai shi ne ko littafin yana da wani abu ban da wannan. Akuya ta yi gyatsa a daidai lokacin da yara ke ɓoye wa 'yan fashi, wannan barkwanci ne da ke tura labari gaba. Gyatsa a kowane shafi don marubuci ya rasa abin faɗa, wannan lalaci ne.

Yaya zan gane mai kyau kafin in saya ko in aro?

Ku karanta babi na farko a tsaye, sannan ku buɗe tsakiya ku karanta shafi biyu. A babin farko ku duba ko matsala ta kunno kai da wuri, don yaro ba zai jira shafi talatin ana kwatanta masa gari ba. A tsakiya ku duba daga ina dariyar ke fitowa. In daga halin mutanen labarin take fitowa, wato wan mai taurin kai, ƙanwa mai ido, akuyar da ba ruwanta da kowa, to za ta kai ƙarshe da ƙarfinta. In kuwa an liƙa barkwancin ne daga waje, za ku ga ana iya cire shi labarin bai canza ba.

Sai ku tambayi kanku wa ake yi wa dariya. Littafin da ke samo dariyarsa daga naƙasar mutum, ƙibarsa, in'inarsa, talaucinsa, launin fatarsa ko ƙabilarsa, ku mayar da shi inda kuka ɗauko, ko da ya yi suna. Tsofaffin littattafai sun fi faɗawa wannan rami, don haka kada tsufan littafi ya sa ku ɗauka an tace shi.

Ga nauyin harshe kuma akwai dabarar yatsu biyar da malamai ke amfani da ita. Yaro ya karanta shafi guda, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa ɗaya. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya yi masa nauyi ya karanta shi kaɗai, amma ya dace a karanta masa.

Lambar yabo a bangon littafi tana nufin yaro zai so shi?

Tana nufin manya sun so shi. Lambar Newbery, wadda ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta fara bayarwa a 1922, da lambar Hans Christian Andersen, wadda hukumar littattafan yara ta duniya IBBY ke bayarwa tun 1956, duka manya ne ke zaɓe, kuma sau da yawa alƙalai sun fi karkata ga labari mai nauyi da sosa zuciya. Alama ce ta ingancin rubutu, ba alkawarin dariya ba. In dariya kuke nema, shawarar wani yaro sa'ansa ta fi tambarin zinariya amfani.

Zane ya yi yawa a ciki. Ba ragon karatu zai zama ba?

A littafin raha zane ba ado ba ne, yakan ɗauki rabin barkwancin. Rubutu ya ce wan ya tsaya da ƙarfin hali yana fuskantar 'yan fashi, zane ya nuna gwiwoyinsa na karkarwa ya ɓuya bayan akuya. Dariyar tana cikin saɓanin da ke tsakanin biyun, kuma sai yaro ya karanta duka ya gwama su kafin ya same ta. Tsoron zane ma ba sabo ba ne: a 1954 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya yi zaman sauraron bahasi kan ko littattafan zane-zane ne ke lalata tarbiyyar matasa. Yau ɗakunan karatu na yara cike suke da su.

Ya karanta littafi ɗaya sau shida, kuma ba ya son komai sai jerin littattafan marubuci guda. In hana shi?

Kada ku hana. A karatu na farko yaro yana gudu ne don ya ga ƙarshe. A na biyu da na uku ne yake ganin abin da marubuci ya binne tun farko, kamar igiyar da akuya ta tauna a babi na biyu wadda ita ce ta tsinke da 'yan fashi a babi na goma. Maimaitawa kuma tana sa karatunsa ya yi santsi, don idonsa ya riga ya san kalmomin. Jerin littattafai ma haka: ya san mutanen, ya san salon, ƙarfinsa duka sai ya tafi kan labari. Ku dai ajiye wani littafi makamancinsa a inda zai gani, ba tare da kun ce komai ba. Ranar da jerin ya ƙare, ƙishirwa za ta kai shi.

In karanta masa ne, ko in bar shi ya karanta da kansa?

Ku yi duka biyun, kuma kada ku daina karanta masa don ya iya haɗa baƙi. Kunnen yaro yakan riga idonsa nisa, yana iya fahimtar labarin da bai isa ya karanta shi kaɗai ba, har da gatsen da muka ambata a tambayar shekaru, wanda murya ke fito da shi fili.

Karanta barkwanci a bayyane yana da 'yar dabara, kuma duk tana cikin lokaci. Ku saci kallon ƙarshen shafi kafin ku kai, don ku san inda abin dariyar yake. Ku rage gudu kafin ku iso, ku ɗan yi shiru na numfashi guda, sannan ku sake shi da fuska a ɗaure. Mai karatun da ya riga masu sauraro dariya ya tona asirin. Ku ba kowane mutum muryarsa, kuma ku riƙe ta, don za a kama ku: na taɓa canza wa wani mugu murya a dare na biyu, wani ɗan shekara shida ya dafe shafin da tafin hannunsa ya ce ba zan wuce ba sai na dawo da ta jiya. In babi ya ƙare a inda rai ke rataye, ku rufe littafin a nan. Za a yi ƙorafi, amma gobe su za su kawo muku shi.

Ɗana ba ya son karatu ko kaɗan. Irin wannan littafi zai taimaka?

Shi ne abin da zan fara gwadawa. Ku zaɓi mai gajerun babi, manyan baƙaƙe da zane da yawa, ku karanta masa babi biyu na farko, ku ajiye littafin a kusa da shi ku tashi. Kada ku yi masa tambayoyi bayan ya gama, kada ku sa masa ladan kammalawa, kuma ku ba shi damar ajiye littafin da bai yi masa ba.

Sai dai ku bambance yaron da ba ya so da yaron da ba ya iyawa. In yana jin daɗin labari sosai idan an karanta masa, amma da ya ɗauka da kansa sai ya riƙa tuntuɓe a kalmomi masu sauƙi, yana wahalar haɗa sauti da harafi, yana gajiya bayan 'yan layuka, alhali sa'o'insa sun wuce wurin, to wataƙila matsalar karatu ce irin wadda ake kira disleksiya, ko kuma matsalar gani. Wannan ba lalaci ba ne kuma ba rashin basira ba ne. Ku yi magana da malaminsa, a duba idonsa, a gwada karatunsa. Kafin nan ku ci gaba da karanta masa, don kada wahalar baƙaƙe ta raba shi da son labari.

Na maza ne ko na mata?

Na duk yaron da ke dariya ne. Masu sayarwa ne ke raba bango shuɗi da ruwan hoda. Yara maza suna bin tauraruwa mace ba tare da damuwa ba in dai labarin na tafiya, sai in wani babba ya nuna musu cewa abin kunya ne.

Wanda aka fassara daga wani harshe yana ba da dariya kamar na asali?

Ya danganta da irin barkwancin. Na aiki da na hali suna ƙetare harshe lafiya: akuya mai tauna wandon ɗan fashi abin dariya ce a ko'ina. Na wasa da kalma ne ke mutuwa a hanya. Ku ɗauki raƙumin dawan nan da ya saba da wuya ku kai shi wani harshe, inda sunan gaɓar jiki da sunan wahala ba su yi kama ba, sai ya zama magana marar kai. Mai fassara na ƙwarai yakan jefar da barkwancin asali ya ƙera sabo a harshen da yake fassarawa zuwa gare shi, ya kuma sake wa mutanen labarin suna in sunayen na da ma'anar ban dariya. In kuka ga an bar barkwanci yadda yake an bi shi da bayani a ƙasan shafi, to yaro ba zai yi dariya a wurin ba.

Ya karanta da dare ya kasa barci don tsoro. Me zan yi?

Ku tambaye shi wane wuri ne, ku koma wurin tare da rana, ku karanta har inda taurarin suka kuɓuta. Sau da yawa abin da ke damun yaro shi ne ya tsaya a tsakiyar haɗari, bai ga yadda aka fita ba. Ga irin wannan yaro shawarar da na bayar a sama ta rufe littafi a inda rai ke rataye ba ta dace da dare ba, a tsaya a inda aka yi dariya. In kuma littafin gaba ɗaya ya fi ƙarfin zuciyarsa, a ɗaga shi zuwa baɗi.

Yanzu ya ce shi ma zai rubuta nasa. Yaya zan taimaka?

Ku ba shi takarda da alƙalami, ku naɗe masa 'yan shafuka ku ɗinke tsakiya ya zama kamar littafi na gaske, da bango da zai rubuta sunansa. Na farkon zai yi kama da wanda ya gama karantawa ƙwarai, har da satar barkwanci ɗaya ko biyu, kuma haka kowa ke farawa. Kada ku taɓa masa kuskuren rubutu sai in ya tambaya. In ya maƙale, tambayoyi biyu sun isa: me tauraronka yake nema, kuma mene ne mafi munin abin da zai iya faruwa da shi yanzu? Idan ya kawo muku ya karanta, ku zauna ku saurara har ƙarshe, kuma ku lura da inda yake ɗago kai yana satar kallon fuskarku, don a nan ya binne barkwancinsa.